Baƙuwar Ɗaki Na Huɗu

Shekara biyu ke nan cur da Hazim ya yi wa Ruwaida alkawarin turo manya, har yau ko mota ɗaya ba ta tsaya a ƙofar gidansu da sunan neman aure ba.

Ba shi ne ya ƙi ba. Mahaifiyarsa ce can Karak ta dafa ƙirji ta ce muddin tana numfashi, mazan danginsu ba za su saɓa alkyabba su kamo hanyar Amman saboda yarinyar da ke miƙa wa kowane ƙato makullin ɗaki ba. Mahaifinsa ya rasu. Yayansa Nayif, wanda shi ne zai shige gaban ayari, ba ya tsallake maganar tsohuwar ko da wasa.

Ruwaida ta daina kuka a kan wannan magana tun bara. Abin da ya rage mata gajiya ce, irin wadda barci ba ya ɗaukewa.

Gidan da ake goranta mata kuwa gidan kakarta ne, ginin farin dutse a kan tudun Luwaibda, da bishiyar lemun tsami a tsakar gida. Da mahaifinta ya rasu, baffanninta suka so a sayar a rushe a yi dogon bene. Ita kuma ta dawo daga Beirut da takardar karatun otal a hannu, ta tsaya kai da fata har suka gaji suka bar mata. Ta mayar da shi masauki mai ɗaki takwas, ta rubuta sunan kakar a bakin ƙofa: Gidan Nazmiyya. Shekara huɗu ba ta san hutun Juma'a ba.

Ranar Talata da safe tana jera farantan zaitun da cuku a teburin baƙi, Mama ta biyo ta da waya a hannu.

"Ummu Gassan ta sake bugowa."

"Allah ya ƙara wa yatsanta lafiya."

"Ki daina mayar da ni abokiyar wasanki. Ɗanta likita ne, asibitin haƙori gare shi nasa na kansa a Dubai, hutunsa saura kwana tara. So kike ya koma ba ku zauna ba?"

"Mun zauna, Mama. Sau biyu yana kirana Rauda."

"To sai me? Zai koya. Wancan da ya iya sunan naki me ya tsinana miki? Shekararki ashirin da tara, Ruwaida. Ni na gaji da amsa tambayar mata a gidan biki."

"Ni ma na gaji."

"Da me?"

"Da komai," in ji Ruwaida, ta ɗauki kwandon gurasa ta wuce.

Wajen ƙarfe sha ɗaya tasi ta ajiye wata tsohuwa a ƙofa, ita kaɗai, da jaka ɗaya. Doguwa ce, siririya, cikin baƙar riga mai jan ɗinki a ƙirji, da ɗigon shuni uku a haɓa. Jiya wata mata ta kama mata ɗaki ta waya, kwana ɗaya, ta ce za ta ga likitan ido.

Tsohuwar ta tsaya a zaure tana kallon fitilu da hotunan bango kamar wadda ta zo taya gidan.

"Maraba da Hajja. An sha hanya," Ruwaida ta faɗa da murmushin aiki. "A ba ni katin shaida in rubuta."

"A garinmu sai baƙo ya kwana uku kafin a tambaye shi sunansa."

"Dokar gwamnati ce, Hajja, ba tawa ba."

"Gwamnati ce ta yi miki tarbiyya?"

Ruwaida ta haɗiye amsar da ta zo mata baki. Ta karɓi katin. Fidda Salim, haifaffiyar Karak. Gabanta ya ɗan faɗi kamar yadda yake yi duk sanda ta ga sunan garin, sai ta yi wa kanta tsaki a zuci. Rabin mutanen kudu Amman suke zuwa ganin likita.

Ta zaunar da ita a tsakar gida. Ummu Jiryis, tsohuwar Kirista da ta yi wa kakar Ruwaida girki shekara talatin kuma har yanzu kicin ɗin a hannunta yake, ta kawo butar gahawa. Ruwaida ta riƙe butar da hagu, finjali a dama, ta tsiyaya har ya cika bakinsa, ta miƙa.

Ummu Jiryis ta yi gyaran murya. Ruwaida ba ta kula ba, hankalinta na kan wayar tebur da ke ta ruri a zaure.

Tsohuwar ta dubi finjalin. Ta ɗago ta dubi Ruwaida tun daga ɗankwali har takalmi. Sannan ta karɓa da yatsa biyu, ta ajiye a gefen tukunyar fure, ko leɓenta bai taɓa ba.

"Nuna mini ɗakin," ta ce.

Da Ruwaida ta sauko daga ɗaki na huɗu, ta iske Ummu Jiryis ta tare ƙofar kicin, hannu a ƙugu.

"Kin ga abin da kika yi?"

"Me na yi kuma, Halti?" in ji Ruwaida, da sunan girmamawar da suke kiran iyaye mata.

"Cika wa 'yar Karak finjali. Ai da zaginta kika yi da baki da ya fi sauƙi. Mahaifinki, Allah ya ji ƙansa, ɗan kaɗan yake zubawa a gindin finjali ya tsaya a kan baƙo da buta, ya ƙara, ya ƙara, har sai baƙon ya girgiza finjalin da kansa. Wanda aka cika wa kuwa an ce masa sha ka tashi, ba ni da lokacinka. Yau na fara gaya miki?"

Ba yau ta fara ba. Ruwaida ta san wannan tun tana rarrafe. Amma a shekararta ta farko wani Bajamushe ya rubuta a intanet cewa gidan yana da kyau sai dai rowa, gahawarsu kamar ɗigon maganin ido. Wata Ba'amurkiya ta maimaita. Tauraro ɗaya ya faɗi daga biyar ɗin da take taƙama da su, ta yi sati ba ta ci abinci da daɗi ba. Daga ranar ta ce a riƙa cika wa kowa, kuma hannunta ya saba har ya manta.

"Zan ba ta haƙuri in na samu sarari," ta ce. "Mutanen ɗaki na bakwai ruwan zafinsu ya ɗauke."

Ba ta samu sararin ba, don Hajja Fidda ba ta bar ta ta zauna ba.

Ƙararrawar ɗaki na huɗu ta fara da katifa. Ta yi laushi, in ji tsohuwar, mutum ya kwanta ya nutse kamar a kabari. A sauke ta ƙasa. Mai gyaran ɗaki ta tafi kai ɗanta asibiti, don haka Ruwaida ce ta cire takalmi ta ja katifar da kanta, tsohuwar na zaune a kujera tana lissafa mata kurakurai.

Bayan minti goma ta sake kira. Zanin gadon yana warin turaren kanti. Ruwaida ta canza. Ta sake kira. Hoton matar da ke bango ba ɗankwali, a juya shi. Ta juya. Alƙiblar da aka manna a rufin ɗaki ba ta yarda da ita ba. Ruwaida ta buɗe taga ta nuna mata hasumiyar masallaci.

Sai tsohuwar ta leƙa ta tagar ta hango wasu Faransawa biyu na ɗaki na biyu a ƙarƙashin lemun tsami, matar da guntun wando, ta ɗora ƙafafu a cinyar namijin.

"Mijinta ne?"

"Haka suka rubuta."

"Haka suka rubuta," tsohuwar ta maimaita a hankali. "Ke kuma kullum idonki a kan wannan."

"Idona a kan aikina yake, Hajja."

"Banɗakin nan wa ke wanke shi?"

"Mai aiki. In ba ta zo ba, ni."

"Bayan kowane namiji?"

"Bayan kowane baƙo."

"Ba wanda ya taɓa riƙe miki hannu wajen karɓar makulli?"

"An taɓa. Sau ɗaya. Jakarsa ta riga shi isa titi."

Tsohuwar ba ta yi dariya ba, amma ta daɗe tana kallonta. Da azahar ta sauko, ta dangwali man zaitun da gurasa ta ce na bara ne. Gaskiyarta, na bara ne. Ta shinshina za'atar, garin yajin da ake ci da gurasa, ta ture. Maganar likitan ido kuwa ba ta sake tashi ba, kuma idon da aka ce yana ciwo ya hango ƙura a bayan madubin zaure inda Ruwaida ba ta taɓa kai hannu ba.

Bayan la'asar Ruwaida ta samu ta zauna a matakalar baya, ƙafafunta na zogi, sai wayarta ta yi ƙara. Hazim ne, daga wurin aikinsa na bututun ruwa a Aƙaba.

"Muryarki ta yi ƙasa," ya ce.

"Wata tsohuwa ce 'yar garinku ta sa ni a gaba tun safe. Katifa a ƙasa, hoto a juye. In duk haka kuke, gara da ba ku zo ba."

Ta yi zaton zai yi dariya. Bai yi ba.

"Ruwaida, yanzu matar Nayif ta kira ni. Yumma, mahaifiyata, ba ta gida. Wai tun asuba ta hau mota ta ce za ta Amman ganin likita, kuma ta sa an kama mata ɗaki."

Ruwaida ta miƙe tsaye ba ta sani ba.

Shekara biyu tana jin "Yumma ta ce", "Ummu Nayif ta ƙi". Hotonta bai taɓa nuna mata ba, don tsohuwar ba ta yarda a ɗauke ta. Sunanta na yanka kuwa, wane namijin Karak ne zai furta sunan uwarsa a gaban wani?

"Hazim, yaya sunan mahaifiyarka?"

"Haba, Ruwaida."

"Ba lokacin kunya ba ne. Faɗa mini."

Ya yi ƙasa da murya kamar mai tsoron bango ya ji. "Fidda."

Ta koma ta zauna a matakalar. Ta rufe ido. Babu abin da take gani sai finjalin nan a gefen tukunyar fure, cike, ya huce.

"Na cika mata finjali," ta ce.

"Kika yi me?"

"Ka ji ni."

"Innalillahi. Ruwaida, shekara biyu ina roƙon matar nan ta zo ta gan ki da idonta. Shekara biyu. Ranar da ta zo sai ki ce mata ta sha ta tashi?"

"Na san ita ce? Ka gaya mini? Ta gaya mini? An turo a duba ni kamar tunkiya a kasuwar Sahab, a buɗe baki a ƙirga haƙora, kuma ni ce mai laifi?"

"Ban ce ke ce mai laifi ba."

"Ka ce. Muryarka ta ce."

Hawayen da ta yi zaton sun ƙare tun bara suka zubo, masu zafi. Ta share da bayan hannu cikin fushi, wasu suka biyo.

"Na gaji, Hazim. Wallahi na gaji. A gida Mama da likitanta, a waje kai da 'ki ƙara haƙuri'. Ƙawayena 'ya'yansu sun shiga makaranta. Ni ce nake ɗaure wa amaren wasu fure a ɗaki na ɗaya, in kunna musu kyandir, in ja musu ƙofa. Ban taɓa yi maka gori ba. Ban taɓa cewa ka zaɓa tsakanina da ita ba."

"Na sani, ruhina. Na sani. Ki saurare ni. In na tashi aiki zan kamo hanya, da safe ina nan. Abu ɗaya nake roƙonki. Ki ba ta haƙuri, sannan duk abin da ta faɗa ki ce to. Kada ki ja da ita a kan komai. Ki ce to kawai."

"Komai?"

"Na minti goma ne. In maza suka zo aka sha gahawa aka yi fatiha, sauran ni da ke ne."

Ta so ta tambaye shi mene ne sauran. Ƙararrawar ɗaki na huɗu ta kaɗa.

A kicin Mama ta ji labari ta tafa hannu.

"Kin gani ko? Kin ga mutanen da kike kashe kanki a kansu. Uwa ta shigo gidan mutane a ɓoye kamar 'yar sandan ciki. Ummu Gassan da ta zo, da tiren kayan zaƙi na kunafa ta zo, ta sumbace ki a kumatu biyu. Bari in hau in gaya wa wannan matar gidan wa ta shigo."

"Ba za ki hau ba, Mama. Baƙuwa ce."

"Baƙuwar uwar wa?"

"Baƙuwata. Ɗaki ta kama, kuma na yi mata ba daidai ba. Ko ba ta haifi kowa ba sai na gyara."

Ummu Jiryis ta nufi kabad. Ta jawo kujera ta hau, ta sauko da kaskon suyar gahawa na mahaifin Ruwaida daga saman kabad, da turminsa na itace wanda aka mayar abin ado, ta goge su da gefen zaninta ta ajiye a gabanta.

"Ta kanti ba za ta yi ba," ta ce. "Ki soya da hannunki. Kuma ki daka a tsakar gida, yadda za ta ji."

Washegari tun kafin rana ta hau kan rufin maƙwabta, ƙarar turmi ta cika Gidan Nazmiyya. Bafaranshen ɗaki na biyu ya leƙo da kyamara, Ummu Jiryis ta kore shi da ludayi. Hannun Ruwaida ya yi kanta. Rabonta da tabaryar nan tun tana 'yar shekara goma sha biyu, mahaifinta na riƙe da hannunta yana koya mata kiɗan.

Ƙarfe takwas Hazim ya iso, idanunsa jajur, rigarsa duk ta yamutse. Bai ko zauna ba sai ga tsohuwar tana saukowa daga bene a hankali, riƙe da jakarta. Ya ruga ya karɓa, ya sumbaci hannunta ya kai goshi.

"Yumma, me ya sa ba ki gaya mini ba?"

"Da na gaya maka da an share bayan madubi."

Ta zauna a ƙarƙashin lemun tsamin. Mama ta tsaya daga ƙofar kicin, fuska a ɗaure.

Ruwaida ta zo da buta. Ta fara tsiyaya wa kanta ta kurɓa a gabanta. Sannan ta ɗauki finjali mai tsabta ta zuba ɗan kaɗan, iya abin da ya rufe gindinsa, ta rusuna ta miƙa da dama, ta ci gaba da tsayuwa.

"Halti, jiya na yi miki laifi. Na san ma'anarsa kuma na yi. Ki yafe mini."

Tsohuwar ta karɓa, amma ba ta sha ba.

"Kin san ko ni wace ce jiya?"

"Ban sani ba."

"To wa kike kora?"

"Ba kowa. Haka nake cika wa duk wanda ya shigo. Turawa ne suka rubuta cewa muna da rowa."

"Ashe duk wanda ya taka gidan nan shekara da shekaru korarsa kike. Turawa ne za su koya miki gahawar ubanki?"

Maganar ta shige ta har ƙashi. Ta ji idonta ya kawo ruwa, ta danne.

"Gaskiyarki, Halti. A nan kam na ji kunya."

Tsohuwar ta juya finjalin a hannu, ta shinshina. Ta kurɓa. Ta miƙo, Ruwaida ta ƙara. Ta sake miƙowa, ta ƙara. A na uku ta girgiza shi sau biyu ta mayar.



"Ta ɗan ƙone," in ji Ummu Nayif, "amma hannu ne ya yi ta. Zauna, 'yar nan."

Ruwaida ta zauna a bakin kujera.

"Na zo ne in ga 'yar otal, mai fenti a fuska da dariya da maza. Na sa ki ja katifa, kin ja. Na zage ki, kin haɗiye, ko da yake na ga wuyanki yana kumbura. Kina da girman kai, amma ni ma ba a rasa ni da shi ba. Gidanki da tsabta in ban da madubi. Ba zan yi miki ƙarya ba, ban ga abin da na zo nema ba."

Mama ta matso taku biyu daga ƙofar kicin.

"Ranar Juma'a bayan an sauko masallaci Nayif zai zo da maza. Mota talatin, ba za mu zo muku kamar marayu ba. Ku gaya wa baffanninta su shirya wurin zama."

Ruwaida ta riƙe butar da hannu biyu. Shekara biyu. Ta dubi Hazim, tana so su haɗa ido, amma shi ƙasa yake kallo.

"Wahalar nan kuma ta ƙare miki," tsohuwar ta ci gaba, har da ɗan taushi a muryarta. "Tunda ƙarshen wata za ki miƙa wa baffanninki makullai su sayar, kamar yadda kika yi wa ɗana alkawari, ba sauran wanke banɗakin kowa. Ba don ya rantse mini da kabarin ubansa cewa kin amince ba, da ƙafata ba ta tako nan ba."

Daga sama ana jin ruwa na zuba a ɗaki na bakwai.

Sai yanzu Hazim ya ɗago. Idonsa na roƙonta, leɓensa na haɗa kalmar nan guda ba sauti. To. Ki ce to.

Ruwaida ta dubi butar da ke hannunta. Abu ne mai sauƙi. Ba sai ta ma buɗe baki ba, ta sunkuyar da kai kawai irin na amare, tsohuwar za ta ɗauka kunya ce. Juma'a motoci za su cika layin har gangare, maƙwabta su leƙo ta taga, Mama ta yi guɗa ta huta da tambayar mata. Sauran kuma, in ji shi, shi da ita ne. Wato ita ce za ta zauna shekaru a gaban matar nan a matsayin wadda ta yi alkawari ta karya. Ko kuma wata rana, don gajiya, ta miƙa makullan.

Ta ajiye butar a kan tebur a hankali.

"Halti, ban yi wannan alkawarin ba."

"Ruwaida," in ji Hazim.

"Ban taɓa cewa zan bar gidan nan ba, ba ƙarshen wata ba, ba ƙarshen shekara ba. Bai ma tambaye ni ba, don ya san amsar. Ina son ɗanki, Allah ya sani, na jira shi har mutane sun fara yi mini kallon mara hankali. In kin karɓe ni, da makullan nan a ƙuguna za ki karɓe ni. Zan girmama ki, zan yi miki hidimar da ta fi ta jiya. Amma ba zan shiga gidanki a kan maganar da ban faɗa ba."

Muryarta ta karye a ƙarshe. Ta bar hawayen suka sauko, ba ta share ba, kuma ba ta sunkuyar da kai ba.

Tsohuwar ba ta dube ta ba. Ɗanta ta juya ta fuskanta.

"Ta faɗa ko ba ta faɗa ba?"

"Yumma, na yi niyyar in shawo kanta bayan..."

"Ta faɗa ko ba ta faɗa ba?"

"Ba ta faɗa ba."

"Da kabarin ubanka, Hazim."

"Ba yadda zan yi ne, Yumma. Ke kin ƙi, ita ta ƙi, ni ina tsakiya shekara biyu kamar an ɗaure ni a jikin motoci biyu. Na ce in kin gan ta sau ɗaya za ki so ta. Kuma kin so ta, yanzu da bakinki kika faɗa."

"Na so wadda za ta bar otal."

Ta dafa gwiwa ta miƙe. A tsaye ta fi jiya tsufa. Ta gyara ɗankwalinta, sannan ta dubi Ruwaida.

"Babu mai zuwa Juma'a. Ba zan aurar wa ɗana mai saukar baƙi ba, wannan ban canza ba. Kuma ko da na canza, ba zan tara dattawa talatin su sha gahawar mutane a kan rantsuwar ƙarya ba." Sannan ta ƙara da cewa, "Da kin yi shiru da kin cuce ni. Wannan na sani."

Ta nufi zaure. "Ɗauko jakata," ta ce ba tare da ta waiwayo ba.

Hazim ya ɗauki jakar. A bakin ƙofa ya tsaya, ya bari tsohuwar ta sauka matakala ta shiga motarsa, sannan ya juyo. Fuskarsa ta jiƙe.

"Minti ɗaya, Ruwaida. Da kin yi shiru na minti ɗaya da yanzu an gama."

"Shekara biyu na yi ina yi maka shiru."

"To yanzu me kike so in yi? Ki faɗa mini. In bar ta ta hau motar haya ita kaɗai?"

"Ka kai ta gida. Uwarka ce, kuma hanya da nisa."

"In dawo?"

Ta daɗe tana kallonsa, mutumin da ta ƙi likita da injiniya da ɗan baffa saboda shi. Ta nemi fushi a ranta ta rasa, sai gajiyar nan kawai.

"In za ka dawo, ka dawo da abin da ka gaya mata a gabana, ba a bayana ba. In ba za ka iya ba, kada ka kira ni, Hazim. Ba ni da sauran ƙarfin wata shekarar."

Ya buɗe baki, tsohuwar ta ƙwanƙwasa gilashin mota da zobenta.

Ya sauka matakalar. Ya sa jakar a baya, ya zagaya ya kama murfin ƙofar direba, amma bai buɗe ba. Ya tsaya a nan tsakiyar titi, hannu a kan murfin, fuska a wajen gidan, mai tasi a bayansa yana ta danna masa oda.

Ruwaida ba ta tsaya ganin ko zai shiga ba. Ta tura ƙofar ta rufe, ta jingina da ita.

Sannan ta cire takalmi ta hau bene. Baƙin ɗaki na huɗu na gaba ƙarfe biyu za su iso, katifa kuma tana ƙasa.